Mato da Karkatacciyar Sandar Golf

Mato ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara takwas na ba shi. Sunansa na yanka Muhammadu, amma a Durba in ka ce Muhammadu sai a yi ta tambayarka wanne, sai ka ce Mato Ɓarnau tukuna a nuna maka gidan. Ni Lami, duk wanda ya faɗi wannan suna a gabana sai na wanke shi tas, ko da furfura a gemunsa. Amma a raina na san ba ƙarya suka yi masa ba, kuma na san wanda ya fara raɗa masa sunan mahaifinmu ne, Malam Ishiyaku, Allah ya ji ƙansa.

Tun yana yaro babu abin da hannunsa zai taɓa ya kwana lafiya. A aike shi rijiya ya dawo da bakin tulu. Rubutun allonsa kamar kaji sun yi tono. Ga in'ina, kafin ya gama sallama an riga an amsa masa an koma hira. Da ya girma ya gwada ɗinki a Rano, ya ɗinke hannun riga da wuyanta, maigidan ya ce ya je Allah ya ba shi sa'a a wata sana'ar. Ya je ci-rani Kano, ya dawo da tabon wuƙa a ɗan yatsa. Ya koma gona, nan ma in ya yi huɗa sai ka ga kunyoyin sun yi ta lanƙwasa kamar tafiyar maciji, masu wucewa su tsaya suna dariya. Lauje kuwa sau biyu yana kai shi asibiti. Duk da haka ban taɓa jin ya zagi kowa ba, kuma ba a riga shi sahun farko a masallaci.

Abin da Mato bai sani ba, ni kaɗai na rage a duniya da na sani, shi ne bahago aka haife shi. Yana shekara huɗu Baba ya ce gidan malamai ba za a ga ɗa yana ɗaukar alƙalami da hagu ba. Aka ɗinka 'yar jaka ta fatar akuya, aka cusa hannun a ciki aka ɗaure da tsirkiya. Inna ta ce ba za ta iya gani ba, ta shige ɗaki. Ni aka sa na danne shi a kan cinyata, kullum da safe, wata bakwai cur. A watan na uku harshensa ya fara sarƙewa. Da aka kwance jakar yaro ya koma dama, Baba ya ce alhamdulillahi, ya kuma ce duk wanda ya sake tayar da maganar bai yafe ba. Mato ya manta, kamar yadda yara ke mantawa, ni kuwa na kama bakina shekara talatin da tara.

Sai da ya shekara goma da matarsa Maijidda kafin Allah ya ba su haihuwa, 'ya ɗaya tilo, Hafsa. Yarinya kamar ka sace ka gudu, ga wayo, ga baki. Tun tana rarrafe na lura da hannun da take miƙawa, gabana ya faɗi. Mato shi ma ya lura, sai ya ɗora wa Maijidda laifi, wai daga danginsu ne na Nariya, don a gidan Malam Ishiyaku ba a taɓa yin bahago ba. Maijidda ta yi kuka ta gaji. Ni ina ji ina gani na yi shiru.

Bayan ƙaramar Sallah ta shekarar 2002 Hafsa ta cika biyar, za ta fara riƙe alƙalami a makarantar Malam Sharu. Wata Asabar Mato ya zo ya tsuguna gabana, ya zaro wani abu daga aljihu. 'Yar jaka ce ta yadin atamfa, da zariya a baki.

"Yaya, ra-ranar Juma'a in an sauko masallaci za mu ɗaure mata hannun. Maijidda ta ce ba za ta iya ba. Ke nake so ki zo ki riƙe min ita."

Na ce masa to, Allah ya kai mu. Wallahi abin da na ce ke nan, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

A inda ya same ni ɗin ma akwai labari. Ni a Yalwa na yi aure, kuma tun rasuwar maigidana nake sayar da ɗanwake. A wannan shekarar wani ɗan Rano, Alhaji Abdulganiyyu, ya yi ritaya ya dawo daga Legas yana neman kujerar ɗan majalisa. Wasu 'yan takara atamfa suke rabawa da sabulu, shi kuwa sai ya sa aka share gonarsa ta bakin hanyar Yalwa bayan an cire dawa, aka haƙa 'yan ramuka uku nesa da juna, aka kafa tuta a kowanne. Ya ce wasan golf zai koya wa mutanen karkara, don su san abin da manya ke yi a birni ba fin ƙarfinsu ya yi ba. Mato ya samu aikin share fili da tsinto ƙwallaye, ni kuma na kai tukunyata gindin tsamiyar da ke bakin filin.

Ranar farko jama'a suka cika wurin baki buɗe. Mutum da girmansa, ya je Makka sau uku, ya cire babbar riga ya sa hular hana-sallah, ya daki 'yar ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabuwa ba, sannan ya bi ta da ƙafa ya sake dukanta. Wani dattijo ya tambaye ni a hankali ko Alhajin lafiyarsa ƙalau. Lokacin shari'a na da zafinta, sai ga 'yan Hisba sun zo da Malam Sharu a duba ko caca ce. Malam ya zagaye filin, ya leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya juya ƙwallon a tafinsa. Ya ce muddin ba a sa kuɗi, kuma ana tashi in an kira salla, bai ga haramci ba, sai dai shi bai ga amfanin ba kuma.

Alhaji ya zube sanduna na gwanjo a kan tabarma ya ce kowa ya zaɓa. Ai kuwa manoma suka yi musu irin zaɓen garma a kasuwa. Kowa ya ɗaga ya auna nauyi, ya ƙwanƙwasa kan da farce ya kasa kunne, sannan aka yi ta kokawa a kan masu manyan kawuna kamar ƙoƙo. Bappa maƙeri har lasar ƙarfen ya yi. Alhaji ya ƙwace su duka.

"Masu manyan kan nan na bugun nesa ne, ba na ɗan koyo ba," in ji shi. "Ɗan koyo mai lamba bakwai zai ɗauka, ga lambar nan a ƙasan ƙarfen. Ka miƙe tsaye ka saki hannu, ka jingina ta a jikinka. In ƙarshenta ya zo daidai wuyan hannunka, taka ce. In ta kai maka ƙugu, ta dogo ce, ka ajiye masa."

Daga nan ya nuna musu tsayuwa. A buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a ɗan sassauta gwiwa. Hannun hagu a sama, na dama a ƙasansa, a riƙe kamar an riƙe ɗan tsako, kada a matse kada a saki. Ido a kan ƙwallo, kai ba ya motsi, ƙugu ne ke juyawa. Ya ce shara za su yi, ba sara ba. Ina suka ji? Mutumin da ya shekara arba'in yana sara da fartanya ba ka raba shi da sara rana ɗaya. Kafin azahar filin ya koma kamar za a shuka gyaɗa, Mato na bin bayansu yana cike ramuka.

Amma a hankali suka fara samu. Cikin mako biyu har Bappa yana tayar da ƙwallo sama. Mato ne kaɗai ko taɓa ta bai iya ba. Alhaji mutumin kirki ne, kullum sai ya kira shi ya gwada, ya gyara masa ƙafa, ya gyara masa kafaɗa. Mato zai ɗaga sanda ya kawo, ya daki iska ya juya kamar zai faɗi, ƙwallo na zaune inda take. Rannan sandar ce ma ta kuɓuce ta faɗa cikin tukunyata. Aka yi ta dariya, wani ya ce Ɓarnau ko a Legas Ɓarnau ne. Na ce wa mai maganar ya zo ya biya ɗanwaken da ya ci ya ɓace min da gani.

Ranar Laraba, saura kwana biyu a ɗaure Hafsa, Alhaji ya tafi Kano da sassafe. Ɗan ƙanensa Zakiyyu, wanda ke kula da kayan, ya buɗe wani buhun sanduna da ba a taɓa buɗewa ba. A ciki aka ci karo da wata mai lamba bakwai wadda fuskarta ke kallon baya. In ka tsaya yadda Alhaji ya koyar, ƙeyar ƙarfen ce ke fuskantar ƙwallo. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu ana jinjina kai. Zakiyyu ya ce motar da ta kawo kayan ce ta danne ta. Bappa ya kanne ido ɗaya ya duba tsawonta, ya ce ƙaramin aiki ne, a kai masa maƙera ya sa ta a wuta ya murɗo kan ya dawo daidai da 'yan uwanta. Aka miƙa wa Mato aka ce in ya tashi ya biya da ita.

Wajen la'asar yana tattara kaya sai ya ga wata ƙwallo ta gangaro kusa da teburina. Ya ƙi sunkuyawa, ya ce bari ya tura ta wajen kwando da sandar hannunsa. Ya tsaya yadda aka koya masa, ya ga ƙeya ce. Sai ya zagaya ɗaya gefen don fuskar ƙarfen ta kalli ƙwallon. Ina kallonsa, ludayi a hannuna. Hannunsa na dama ya hau sama, na hagu ya sauka ƙasa, ba wanda ya ce masa. Ƙafafun suka buɗe da kansu. Na ga kafaɗun nan da kullum suke a ɗaure sun sauka. Ya ɗan kaɗa sandar sau ɗaya, kamar mai tuna wani abu, sannan ya ɗaga ta ya juya ƙugu ya kawo.

Ƙara ɗaya muka ji, ƙwas. Ƙwallon ta tashi ta miƙe sambal, ta haye tutar farko, ta haye ɗorawar da ke bayanta, ta sauka can inda ko Zakiyyu bai taɓa kaiwa ba. Ludayin ya faɗi daga hannuna. Mutum kusan talatin a filin, ba mai motsi. Mato kansa ya tsaya da sandar a bayan wuya, cikinsa na kallon tuta, daidai yadda Alhaji ya yi mako uku yana roƙon mutane su tsaya.

Ashe motar Alhaji ta tsaya a bakin hanya tun ɗazu. Ya taho da sauri har takalminsa na fita. Ya zaro ƙwallo uku daga aljihu ya jera a ƙasa.

"Sake, Mato."

Ya sake sau uku, duka ukun suka bi sawun ta farko. Bappa ya ja da baya yana salati. Zakiyyu ya ce wallahi sandar nan ba ita kaɗai ba ce, karkatacciya ce fa, yanzu ma maƙera za a kai ta.

Alhaji ya dafe kai. "Maƙera? Ku da wa? Lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Ta bahagwai ce. Mai hagu da tasa sandar, mai dama da tasa, kamar takalmi." Ya juya wajen ƙanena. "Mato, ashe kai bahago ne ka bar ni ina ta wahalar da kai?"

Mato ya saki sandar kamar ya taɓa garwashi. Fuskarsa ta canza.

"A'a, ra-ranka ya daɗe. Ni ɗan malamai ne. A gidanmu babu ba-ba-bahago. 'Yata ce kawai, ita ma daga dangin uwarta ta kwaso, kuma jibi za mu gyara."

Kalmar "jibi" ce ta tsaya min a rai. Na tuna Baba ya ce bai yafe ba. Na tuna Hafsa tana miƙo min hannu tana cewa Gwaggo ɗauke ni. Ban san lokacin da na miƙe ba, a gaban maza, ba ko gyara mayafi.

"Bahago ne, Alhaji. Haka aka haife shi."

Duk suka juyo. Mato ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Alhaji mai hankali ne, nan take ya ce jama'a lokacin salla ya yi, ya kwashe su suka nufi masallaci. Aka bar ni da ƙanena a gindin tsamiya. Na gaya masa komai, jakar fata, tsirkiya, wata bakwai, da lokacin da harshensa ya fara sarƙewa. Yana tsugune yana juya hannunsa na hagu, ya kalli tafin, ya kalli bayan. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Can ya ce, "Inna ce ta riƙe ni?"

Na ce a'a, Inna ɗaki ta shiga.

"To wa ya riƙe ni, Yaya?"

Na ce ni ce.

Ya tashi ya ɗauki sandar daga ƙasa, ya goge mata ƙasa da bakin rigarsa, ya hau kekensa ya tafi. Ko sallama bai yi min ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya iya magana. Alhamis bai zo fili ba. Na yi ɗanwake ya ƙi daɗi, na zubar da rabi.

Ranar Juma'a na shirya na tafi Durba ban san abin da zan tarar ba. Na dai ƙudura a raina cewa cinyata ba za ta sake danne ɗan kowa ba, ko da zumuncin zai yanke. Na samu Maijidda a tsakar gida idanu sun kumbura, Hafsa na wasa da gwangwani ba ta san komai ba. Da aka sauko masallaci Mato ya shigo, ya gaishe ni a taƙaice, ya zauna a kan turmi. Ya zaro jakar atamfar. Maijidda ta miƙe za ta shiga ɗaki, ya ce ta zauna.

Ya buɗe bakin jakar ya tura hannunsa na hagu. Yatsu uku ne kawai suka shiga. Ya zauna yana kallon abin.

"Tawa ma ƙanƙantarta ke nan?"

Na ce tasa ba ta kai wannan ba, don shi shekararsa huɗu.

Ya zare yatsun. Ya kira Hafsa, ta taho da gudu. Ya ɗebo soyayyiyar gyaɗa daga aljihu ya cika jakar, ya ja zariyar ya miƙa mata. Ta miƙo hagu, sai ta tuna ta ja da baya tana kallon fuskarsa, don ta saba da tsawa. Ya kamo hannun da kansa ya danƙa mata.

"Na je wurin Malam Sharu jiya," ya ce da mu. "Ya ce a koya mata ci da sha da gaisuwa da dama, wannan sunna ce, kuma da lallashi ake koyarwa. Alƙalami kuwa ta riƙe da wanda Allah ya sauƙaƙa mata. Ya ce shi bai taɓa cewa a ɗaure kowa ba." Ya juya wajen matarsa. "Maijidda, ki yafe ni. Ba daga Nariya ba ne, daga gare ni ne."

Maijidda ta rufe fuska da zane.

Alhaji Abdulganiyyu ya faɗi zaɓe, ƙuri'unsa ko na unguwa ɗaya ba su kai ba. Filin ya koma gonar dawa, sandunan suka watse, wasu suka zama abin kashe maciji. Amma mai lamba bakwai ɗin nan ya bar wa Mato da ƙwallo shida, kuma har yau in an cire amfanin gona yakan fita bayan gari da yamma ya buga abinsa shi kaɗai, ya bi ya tsinto. Bappa ya ƙera masa lauje na hagu kyauta, ya ce kaffarar sandar da ya kusa ƙonawa ce. In'inar dai ba ta tafi ba. Hafsa tana aji uku yanzu, in an yi baƙi allonta Malam Sharu ke ɗaukowa ya nuna.

Da damina ta faɗi a shekarar da ta biyo bayan wasan golf ɗin, Maijidda ta aiko wai in zo in ga wani abu a gona. Na je na tsaya a bakin gonar Baba, wadda Mato ya gada. Ya juya riƙon garma, hagu a gaba. Kunyoyin sun miƙe tun daga inda nake har gindin kuka, kamar an ja su da igiya. Masu wucewa sun tsaya kamar yadda suka saba, amma ba mai dariya. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, ranar ya fara huɗa irin ta mutane. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Ya ajiye garmar ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na ce Mato ka yafe ni. Ya ce, "Shekararki goma sha biyu, Yaya, sa ki aka yi. Na yafe tun ranar."

Muka zauna muna kallon gonar. A wannan bakin gonar Baba yakan tsaya da sandarsa duk damina har ya rasu, ya dubi huɗar ɗansa ya girgiza kai ya ce Ɓarnau dai Ɓarnau. Mato ya share gumi da bayan hannunsa na hagu.

"Da ma Ba-Baba ya ga wannan," in ji shi.

Ya tashi ya ɗauki garmarsa ya koma kan kunya ta gaba.